Kafin ka ce an sayar maka da jabu: maganar hom tiyatar da ba ta ba da bes



Makon jiya an kawo mana wata ƙara wadda da farko na ɗauka abin dariya ce. Sai da na kalli fuskokin mutanen biyu na gane ba wasa a ciki. Wani dattijonmu ne ya aurar da 'yarsa, cikin kayan ɗaki ya saya mata hom tiyata mai sifika biyar da wufa ɗaya, irin mai akwatin amfilifaya daban, a shagon wani matashi ɗan uwanmu da ke Alaba. Bayan biki da sati biyu ango ya fara ƙorafi. Idan an sa fim ɗaki har girgiza yake yi, amma da zarar an sa waƙa sai ka ji kamar rediyon hannu, babu bes ko kaɗan. Magana ta bi ta bakin mata har ta isa kunnen surukinsa. Dattijo ya ji kunya a gaban dangin ango, ya ce yaron nan ya cuce shi, ya ba shi jabu. Kuma bai tsaya a nan ba, ya faɗa a majalisa gaban mutane.

Duk wanda ya san kasuwanci a wannan gari ya san rabin jarin mai shago kuɗi ne, rabi kuma suna. Mutanenmu suna zuwa wurin ɗan uwansu ne don sun yarda ba zai cuce su ba. Ranar da aka ce wane yana sayar da jabu, ko bai yi ba, to ciniki ya fara gudunsa ke nan. Shi ya sa ban bar maganar a ofis ba. Na ɗauki wani membanmu mai gyaran kayan lantarki muka tafi gidan amarya, da izinin mijinta.

Abu uku muka tarar. An cusa wufar cikin kabad ɗin talabijin an rufe da ƙofar gilashi, saboda amarya ta ce tana ɓata mata tsarin falo. Wayar sifikar hagu an juya ta, ja a ramin baƙi, baƙi a ramin ja. Sannan a cikin saitin amfilifayar an bar sifikokin gaba a kan Large. Cikin abin da bai kai rabin awa ba aka gyara duka ukun, ba a sayi ko fis ɗaya ba. Ango ya sa waƙa, ya yi shiru, sai ya ce, “Sakatare, wallahi ban san haka abin yake ba.”

Ra'ayina ke nan, kuma zan faɗe shi kai tsaye: daga abin da na sha gani a gidajenmu, yawancin hom tiyatar da ake cewa ba ta da bes lafiyarta ƙalau. Haɗi ne, ko saiti, ko wurin ajiya, ko kuma ita kanta waƙar. Muna saurin zargin mai shago, muna saurin kai kaya wurin gyara a farke su babu dalili, wasu ma su karyar da ita su ƙaro kuɗi su sayo wata, a kai ta ɗakin nan dai, ta yi abin da ta farko ta yi. Amma su ma masu sayarwa suna da nasu kason na laifi, zan zo kansu.

Bari mu fara da abin da ya fi rikita mutane, wato me ya sa fim yake girgiza ɗaki waƙa kuma ba ta yi.

Lambar nan 5.1 da kuke gani a jikin kwali tana da ma'ana. Biyar ɗin layukan sauti ne na sifikoki biyar. Ɗayan da ke bayan ɗigo kuwa layi ne na musamman da ake kira LFE, wanda masu haɗa fim suke zuba wa rugugin tsawa da fashewar bam da ƙarar jirgi. Layin ba ya ɗaukar komai sai sauti mai kauri, daga 120 Hz zuwa ƙasa, kuma ana ƙara masa ƙarfi da desibel 10 a lokacin kunnawa. Tsarin Dolby Digital da ya yaɗa wannan ya shiga gidajen sinima ne a shekarar 1992. To idan ka sa fim mai wannan tsari, wufarka tana da abincinta daban, an riga an zuba mata. Waƙa ba haka take ba. Kusan duk waƙar da ke cikin wayarka layi biyu ne kawai, hagu da dama. Babu wani layin wufa a ciki. Sai dai amfilifaya ta tsamo kaurin da ke cikin layukan biyu ta miƙa wa wufa, kuma ba za ta yi hakan ba sai an umarce ta.

A nan ne Large da Small suke shigowa. Mutumin da ya ga sifikarsa doguwa ce tsaye har ƙugunsa, da wuya ya yarda ya rubuta mata Small, gani yake raini ne. Alhali kalmar ba tsawon akwati take nufi ba. Idan ka ce Large, ka gaya wa amfilifaya cewa sifikar nan za ta iya ɗaukar dukan kauri ita kaɗai, kada a damu wufa. A yawancin na'urori sai wufar ta kwanta ta yi barci duk lokacin da aka sa waƙa. Su kuma dogayen sifikokin nan sirara da ake yayi, buɗe fuskarsu ka gani, abin da ke ciki bai fi murfin kofi faɗi ba. Ina za su kai kauri? Mayar da su Small. Sannan ka nemi inda aka rubuta Crossover, wato iyakar da ke raba aikin wufa da na sauran sifikoki. Abin da aka saba farawa da shi 80 Hz ne, ma'aunin da kamfanin THX ya yaɗa. Idan sifikokinka ƙanana ne irin na ratayawa a bango, ɗaga shi zuwa 100 ko 120. Wanda ya nace sai ya bar nasa a Large, wasu na'urori irin su Denon suna da zaɓin LFE+Main, wanda ke sa wufa ta yi aiki tare da su.

Akwai kuma maɓallin Direct ko Pure Direct a jikin rimot. Yara suna danna shi ba su sani ba. A na'urori da yawa wannan yana tsallake wufa gaba ɗaya idan waƙa ce. Koma Stereo ka ji bambanci. Haka Night, wanda aka yi don rage rugugi da dare, idan an manta shi a kunne zai danne maka sauti har da rana tsaka.

Na san da yawanmu ba irin wannan muke da ita ba. Tamu ita ce wadda amfilifayar take cikin akwatin wufar, da ramin filashi da Bluetooth da rediyo. Ita ba ta da dogon saiti. Duba maɓallin bes na baya ko na gefe, duba ko rimot yana da nasa na ƙara ƙarfin wufa daban, don wani lokaci ana mayar da shi ƙasa ƙarshe ba a lura ba. Shi ke nan a ɓangaren saiti. Sauran abin da zan faɗa ya shafe ta kamar yadda ya shafi mai tsada.

Maganar ja da baƙi ƙarama ce a ido amma ba ƙarama ba ce a kunne. Sifika tana yin sauti ne ta hanyar tura iska gaba ta ja ta baya. Idan an juya wayar ɗaya, lokacin da ta dama take turawa ta hagu ja take yi. Kamar mutum biyu ne suna tura mota, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Sauti mai kauri shi ne ya fi shan wahalar wannan, sai ya soke kansa. Ka bi kowace waya da hannunka daga bayan amfilifaya har bayan sifika. Ita ma wufar, idan tana da ɗan makunni da aka rubuta 0 da 180, zauna inda ka saba zama ka sa wani ya juya maka shi, inda kauri ya fi cika nan za ka bar shi.

Wata matsala da ke kama masu haɗa wayar hannu da igiya mai ƙaramin kai: idan kan bai shiga sosai ba, ko igiyar ta karye daga ciki, sai ka ji kiɗa yana tashi amma muryar mawaƙi ta yi nisa kamar yana cikin rijiya, bes kuma ya ɓace. Dalili shi ne murya da bes galibi a tsakiya ake ajiye su, daidai wa daida a hagu da dama, kuma idan wayar da layukan biyu suka yi tarayya a kanta ta yanke, abin da ke tsakiya shi ke fara tafiya. Na ga wanda ya kusa jefar da hom tiyatarsa saboda igiyar da kuɗinta bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar, wato ɗakin kansa. Wannan ne mutane ba sa yarda sai sun gani.

Sauti yana tafiya a iska kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Shi Hz ɗin nan da nake ta ambata, adadin kaɗawar iska ne a daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji daga wajen 20 zuwa 20,000. Bes yana can ƙasa, misali igiya mafi kauri a jitar bes mai igiya huɗu tana wajen 41. To sautin da ke kan 50 Hz, tsawon igiyarsa ɗaya ya kusa mita 7. Ɗakunan hayarmu kuwa da yawa ƙafa 12 ne, wajen mita 3.6. Ke nan sautin ya fi ɗakin tsawo. Yana fita ya bugi bango ya dawo ya haɗu da mai zuwa. A wani wuri su taru su ninka, a wani wuri su kashe juna. A ɗaki mai mita 3.6, sautin da ke wajen 48 Hz yana taruwa ne a jikin bango, a tsakiyar ɗaki kuwa kusan babu shi. Idan ɗakin ƙafa 12 ne ta kowane ɓangare abin ya fi muni, don tsawo da faɗi duk a sauti ɗaya suke yin wannan. Ga bangon bulo da siminti, ga tayil a ƙasa, babu abin da ke shanye sauti. Kuma ina muke ajiye kujera? Sau da yawa a tsakiya.

Gwada da kanka yau. Sa waƙa mai bes, tsaya a tsakiyar falo, sannan ka taka a hankali zuwa kusurwa. Za ka rantse na'ura biyu ce.

Maganinsa ba ya cin ko sisi. Ɗauki wufar ka ɗora a kan kujerar da kake zama, sa waƙar da ka sani sosai, ka duƙa ka bi gefen bango kana saurare. Inda ka ji kauri ya fito cikakke, ba kumbura ba, ba rami ba, nan ne gidan wufar. Mayar da ita can ka koma kujerarka. Yaranka za su yi maka dariya idan sun gan ka kana rarrafe, ka bar su. A taƙaice, kusa da bango yana ƙara kauri, kusurwa ta fi ƙarawa amma tana iya sa shi ya yi gunji mara daɗi. Kuma ramin nan da ke jikin akwatin ba ado ba ne, ta nan take numfashi. Kada a manna shi da bango, kada a toshe shi da labule, kada a rufe ta a kabad. Iyayenmu mata da ƙannenmu amare, ku yi haƙuri, wufa ba kayan jere ba ce.

Wannan magana ta bango ita ce ta fi damuna a matsayina na wanda ake kira idan rigima ta tashi. Kai kana tsakiyar ɗaki ba ka jin bes, kana ta ƙara murya. Maƙwabcinka da gadonsa ke manne da bangonku shi yake kwasar dukan abin da kai ba ka ji. Sauti mai kauri yana ratsa bango fiye da siriri, shi ba ya ma jin waƙar, dum dum kawai yake ji a ƙirjinsa. Sai ya zo ya buga ƙofa, kai kuma ka ce sharri ne, ai ko kai da ke ciki ba ka ji sosai. Ku duka biyu gaskiya kuke faɗa. A gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, inda muke zaune da Yarbawa da Ibo da sauran jama'a, irin wannan ƙaramin abu ne yake zama “ku mutanen nan”, ya kai ga mai gida, wani lokaci ya kai ga takardar tashi. Kuma a Legas akwai hukumar LASEPA da ke karɓar ƙorafin hayaniya, tana rufe wurare a kansa. Gyara wurin wufa da kujera yana sa ka ji bes ba tare da ka ƙure murya ba. Ka ga an huta ta fuska biyu.

Wani abin kuma daga kunnenmu yake. Tun a shekarar 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne yana fara rasa mai kauri kafin ya rasa na tsakiya. Shi ya sa da dare idan ka rage murya sai ka ji waƙar ta rame. Ba lalacewa ba ce. Wasu na'urori suna da maɓallin Loudness domin wannan.

Sai ita waƙar. Ango ya gaya mana da abin da ya fara gwada na'urar, wai wata tsohuwar waƙar Shata ce da aka turo masa. Allah Ya ji ƙan Alhaji Mamman Shata, amma wufa ba ta da aiki sosai a wurinsa. Kalangu ba ya sauka can ƙasa inda wufa take kiwo, balle kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos. Daɗin waɗannan yana cikin murya da zantukan kiɗa. Ƙari a kan haka, da yawa daga kaset aka kwafo su, an juya an sake juyawa. Abin da ba a ɗauka ba tun farko babu na'urar da za ta ƙirƙiro shi. In kana son gwaji, nemi waƙar situdiyo ta zamani, ko ta finafinanmu ko amapiano da yaran nan suke ji, wadda ka san tana da kauri.

Mutane suna yawan ɗora wa Bluetooth laifi, ko su ce fayil ɗin ƙarami ne. A gaskiya matse waƙa ya fi cin siririn sauti na sama, ba kasafai yake cinye bes ba. Abin da ke kashe bes shi ne waƙar da wani ya ɗauka da makirfon wayarsa a wurin biki, ko aka turo ta a matsayin saƙon murya a WhatsApp. Duba kuma muryar wayar taka, idan tana rabi, wasu wufofin masu kunna kansu ba sa ma farkawa.

Wuta ma tana da nata. Kayan nan an yi su ne don wajen bolt 230. Idan aka kawo ta rabi, irin wadda fanka ke juyawa kamar mai jin barci, ko kana kan ƙaramin janareta da firji a kai, bes ne zai fara nunawa don shi ya fi cin wuta. Zai yi rauni ko ya riƙa kakkaryewa. Kada ka yanke wa na'ura hukunci sai ka gwada ta da cikakkiyar wuta ko sitabilaiza.

To yanzu ga 'yan uwana masu shaguna. Na kare ɗayanku a sama, don haka ku ba ni dama in faɗa muku taku. Kun san duk abin da na rubuta, wasunku sun fi ni sani nesa ba kusa ba. Me zai hana idan mutum ya saya ku ɗauki minti biyar ku nuna masa ja da baƙi, ku saita masa Small, ku ce kada ya rufe wufa a kabad? A shago kuna gwada masa da waƙar da kuka zaɓa, a ƙure murya, wufa a bakin ƙofa. Ya je gida ya ji daban, dole ya yi zargi. Sannan maganar wat. Lambar nan mai sifili da yawa da ake bugawa a kwali da PMPO a gefenta, ku da kanku kun san ta talla ce, babu wani tsayayyen ma'auni a bayanta. Wadda ake dubawa ita ce RMS. Mai saye kuma ga hanya mai sauƙi: juya bayan akwatin ka karanta wutar da yake sha. Wanda aka rubuta yana shan wat 60 ba zai riƙa ba ka 5,000 ba, ba a fitar da abin da bai shiga ba. Idan dattijo ya zo yana nuna babbar lamba yana cewa ita yake so, gaya masa gaskiya ko da zai sayi mai arha. Wufa mai faɗin inci 5 a ƙaramin akwati tana da iyakarta, kuma gara ya ji daga bakinka a shago da ya ji daga bakin dangin ango.

Ba na cewa babu jabu a kasuwa, akwai, kuma ba na cewa wufa ba ta lalacewa. Alamunta a fili suke. Kashe na'urar, ka danna tsakiyar wufar a hankali da yatsu. Idan ka ji tana gogawa kamar yashi a ciki, koyil ya ƙone. Idan robar da ta zagaye bakinta ta yage, za ka ji tana fatar-fatar. Idan fitilarta ba ta kamawa sam, ko tana gunji ko babu waƙa, wannan aikin mai gyara ne. Leƙa ramin iskar ma, mai gyaran da muka je da shi ya ce ya sha ciro sheƙar ɓera a ciki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka kwance bayan akwatin da kanka. Akwai kayan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare soket.

Game da ƙarar da aka kawo, ango ya kira surukinsa a gabanmu ya shaida masa cewa kaya lafiya lau suke. Mai shago ya amince daga yanzu duk wanda ya saya a wurinsa zai haɗa masa ya saita kafin ya bar shago, kuma ya ce shi bai riƙe Baba a zuciya ba. Saura abu ɗaya. Baba a majalisa ya yi maganar, gaban mutum fiye da goma, kuma shugabanni sun ga ya dace a majalisar ya janye ta. Na je na same shi har gida na faɗa masa cikin ladabi. Ya ce in ba shi zuwa taron ranar Lahadi bayan la'asar.

Sakatare